Neman kalmar Hausa: me za mu kira "flux parallèles" wajen kwafin rumbun bayanai?

Ɗan Garwa:
Assalamu alaikum jama'a. "Sauvegarde" mun daɗe muna ce masa kwafin ajiya, "restauration" kuma maidowa, babu gardama a nan. Abin da ya rage mana shi ne "flux parallèles". Ga wanda ba fanninsa ba ne: a da manhaja takan ɗauki tebur ɗaya (jadawalin bayanai a cikin rumbu) ta kwafe, sai ta gama ta kama na gaba. Yanzu ana iya raba aikin, tebur huɗu ko takwas suna fita a lokaci guda. A manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, pg_restore, shirin maidowa, ya samu zaɓin -j (mai faɗin aiki nawa za a yi a lokaci guda) tun sigar 8.4 a 2009, pg_dump, shirin kwafin ajiya, kuma sai a sigar 9.3 a 2013. Mu da wuta ba ta da tabbas, musamman in ruwan madatsar Lagdo da ke ba mu wuta ya ja baya a bazara, kwafin da zai ƙare kafin batir ya mutu ba ƙaramin abu ba ne. Ina so yaran da muke koya wa aikin su ji kalmar su gane abin da ke faruwa a cikin na'ura.

Malamin kwamfuta daga Marwa:
Wa alaikumus salam Malam. Tunda "flux" gudana ce, me zai hana mu ce "ƙoramu masu gudana tare"? Ko "magudanai". Oracle ma a RMAN, shirinsa na kwafin ajiya, sunan da ya ba su ma'anarsa ke nan.

Hajiya daga Njamena:
Malam, magudanai ya yi daɗin ji, amma yana ɓoye wani abu. Wanda ya ji shi zai ɗauka bayanai zuba suke yi, duk hanyar da ka ƙara buɗewa sauri zai ƙaru. Ba haka pg_dump yake ba. Tebur-tebur yake rabo. In rumbunka yana da tebur guda da ya cinye rabin nauyin, ko -j 16 ka saka, ɗaya ne zai yi ta fama da shi, sauran sun gama sun zauna. Kalmar da nake so ita ce wadda za ta nuna akwai masu aiki kuma akwai rabo.

Ɗan Garwa:
Hajiya, maganarki ta kai ni gona. Me za ku ce da "gayya"? Mai gona ya kira mutane, kowa ya kama kunyarsa, a fara tare. Wanda ya fita tasa ya kama wata. Kuma ba a tashi sai mai doguwar kunya ya kai ƙarshe. Haka nan shirin yake: da ka saka -j 4, pg_dump zai buɗe haɗi biyar da sabar, huɗu masu aiki, ɗaya mai rabo. Mai rabon nan shi ke tsayar musu da hoton rumbun na lokaci guda, don kada wani ya kwafi bayanan ƙarfe biyu wani kuma na biyu da rabi, lissafi ya ƙi haɗuwa. Ni dai ina ganin "kwafin gayya" da "maidowar gayya". Kowane "flux" kuma mu ce masa "hannu".

Malamin kwamfuta daga Marwa:
Ina da ja a wuri ɗaya. A bakin mutane "da gayya" yana nufin da gangan, har da ƙeta a ciki. Kada yaro ya ji "kwafin gayya" ya zaci abin tsiya ne.

Ɗalibi daga Ngaundare:
Malam, a gafarce ni in sa baki. Wancan sai an ce "da gayya". In aka ce "aikin gayya" ko "noman gayya" babu mai ruɗewa. Kuma abokan karatunmu masu Fillanci suna da surga, da an faɗa musu gayya ce sun gane nan take.

Hajiya daga Njamena:
Ka yi gaskiya ƙanena. "Hannu" ma ya fi burge ni, don yana ƙirguwa. Kana iya tambayar abokin aiki: da hannu nawa ka yi kwafin jiya? Kuma wajen maidowa ne za a fi ganin amfaninsa. Zuba bayanai ba shi kaɗai ne aikin ba, sai an sake gina fihirisa an binciki ƙa'idojin da ke tsakanin tebur da tebur, wanda shi ke cin lokaci ranar da sabar ta faɗi, mai ofis yana tsaye a kanka, mutane sun yi layi a waje. Duk wannan pg_restore yana raba shi ga hannuwa. Sai dai a faɗa wa yara sharaɗin: pg_dump ba ya karɓar -j sai da -Fd, wato kwafi a cikin jaka, kowane tebur da fayil ɗinsa. Wanda ya fitar da dogon fayil na SQL zalla, hannu ɗaya ne zai maido masa.

Malamin kwamfuta daga Marwa:
To na sauka, gayya ta zauna. Amma a bar "magudanai" ga RMAN, tunda can tun sigar 11g ana iya yanka babban fayil guda gunduwa-gunduwa da SECTION SIZE, matsalar da Hajiya ta kawo ba ta da ƙarfi sosai. SQL Server ma yana yarda a watsa kwafi ɗaya a kan wurare har 64. Masu MySQL kuwa mydumper da myloader ne gayyarsu.

Ɗan Garwa:
Madalla, na gode muku duka. A takardar koyarwa zan rubuta haka: "Yi kwafin gayya da hannu huɗu bayan an rufe ofis. Fara da adadin da bai wuce ƙwaƙwalen na'urarka ba, ka duba agogo. In ka ƙara hannu lokaci bai ragu ba, faifai ne ya kai iyakarsa, koma baya." Malam, in kana da sabar gwaji a Marwa, ka maido kwafi guda da hannu ɗaya, sannan da huɗu, ka kawo mana mintocin a nan mu saka su cikin takardar.