Wane suna za mu ba "inversion therapy" da Hausa?

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Ana neman kalmar Hausa ga wannan dabara ta kwantar da mai ciwon baya a kan gado mai karkata, a matse masa idon sawu, a karkata gadon har kansa ya koma ƙasa da ƙafafunsa. An kawo uku: kifewa, juyi, da ratayar jemage. Masana, a taimaka.

Likitan Gashin Ƙashi: Wa alaikumus salam. Malam, a cire kifewa tun yanzu. Wanda ya kife cikinsa ne a ƙasa, kamar ƙwarya, a gadon nan kuwa rigingine ake kwanciya. Ga abin da ake nema da shi. Ƙashin baya na wajen ƙugu gaɓoɓi 5 ne, tsakanin kowace biyu akwai faifan guringuntsi mai ɗaukar nauyi. Waɗanda suka fi bullowa su danne jijiya su ne na tsakanin gaɓa ta 4 da ta 5, da na ƙarƙashin ta 5, shi ya sa ciwon kan sauka ta ɗuwawu har cinya da ƙafa. Idan kai ya yi ƙasa, nauyin jiki ne ke jan gaɓoɓin su ɗan buɗe. Da mutum ya miƙe ya ci gaba da harkokinsa, sai su koma yadda suke.

Malamar Hausa: Juyi ya yi faɗi da yawa, akwai na mulki, akwai na waina, akwai na ɗa a ciki. Jemage kuwa ya ba da hoto, ba mai mantawa. Damuwata da rataya ce, kunnen Bahaushe in ya ji ta sai ya tuna igiya da hukuncin kisa.

Likitan Gashin Ƙashi: Hajiya, jemagen ma na fi tsoro. Jemage a miƙe yake reto, digiri 90, wani zai ji sunan ya je ya sagale ƙafa a reshen bishiya. Ba haka ake yi ba. Da farko a daidaita sandar gadon da tsawon mutum, akwai lambobi a jikinta. In an yi kuskure nan, ko gadon ya ƙi karkata, ko ya wuntsila da mutum farat ɗaya ya kasa dawowa. Sai a ɗaure ɗamarar da ke tsayar da gadon a digiri 20 zuwa 30. A sa takalmi ƙafa-ciki mai igiya, ban da silifa, a kulle matsen idon sawu a jijjiga shi a tabbatar ya kama, domin yawancin mummunar faɗuwa daga nan take. Ɗaga hannu sama a hankali shi ke karkata gadon, sauke shi kuma ya dawo da shi. Minti 1 zuwa 2 ya isa a makon farko. Wanda jikinsa ya saba yana iya kaiwa digiri 60, kada dai ya wuce minti 5. Wajen tashi a tsaya a kwance sosai na ɗan lokaci, in ba haka ba jiri zai kwashe mutum. A duba iyakar nauyin da aka rubuta a jikin gadon, da yawa kilo 136 ne. Kuma kada a hau ba kowa a ɗakin.

Ma'aikaciyar Jinya: A haɗa sunan da gargaɗi, ranka ya daɗe. Kai na yin ƙasa jini ke hawa, matsin ruwan cikin ido ma ya ƙaru. Mai hawan jini, mai gilakoma (ciwon ido mai lalata jijiyar gani), mai ciwon zuciya, wanda ya taɓa shanyewar ɓarin jiki, mai ciki, mai ƙaba, mai raunin ƙashi, da mai shan maganin tsinka jini, duk ba nasu ba ne. Mai ƙwannafi zai sha wuya. Wanda kuma ƙafarsa ta fara mutuwa ko fitsari ya fara kuɓuce masa, asibiti zai nufa a ranar.

Mai Fassara: To in ce "maganin kai-ƙasa"?

Likitan Gashin Ƙashi: Magani alkawari ne, hujjar kuwa ba ta kai can ba. Wani gwaji a Newcastle ta Ingila a 2012 ya nuna mutum 10 cikin 13 da suka haɗa gadon da gashin ƙashi sun tsira daga tiyata, amma mutanen sun yi kaɗan ƙwarai. Bitar da Cochrane, ƙungiya mai tace binciken lafiya, ta yi a 2013 kan jan ƙashin baya gaba ɗaya ta ga amfanin kaɗan ne ko ma babu. Sauƙi na ɗan lokaci dai wasu kan samu.

Malamar Hausa: Kai-ƙasa ma a rubuce tana da ruɗani, sai a karanta ta kamar ɗan kokawa ya kai abokin karawarsa ƙasa. Ina ba da shawarar kwanciyar kai-gangare. Kwanciya ta kore reto da alkawarin warkewa, gangare ta nuna karkata ce mai mataki-mataki, kai kuma ya faɗi ɓangaren da ke ƙasa. Kayan aikin ya zama gadon kai-gangare, jam'i gadajen kai-gangare.

Ma'aikaciyar Jinya: Kalmar tana da sauƙin faɗa. "Baba, mai hawan jini ba ya kwanciyar kai-gangare." Tsoho zai gane ba sai an maimaita ba.

Mai Fassara: Na ɗauka. Zan sa kwanciyar kai-gangare a kanun rubutun, jerin waɗanda aka hana ya biyo ta kai tsaye. Allah ya saka da alheri.