Neman shawara: dattijo a ajina ya ce na kira su tumaki

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyar da magidanta a ajin yaƙi da jahilci a Tudun Wada, Gombe, bayan isha'i. Don in zaburar da su na fara karanta musu Gandun Dabbobi, fassarar Bala Funtuwa ta littafin George Orwell na 1945. Muna kaiwa inda aladu ke sauya dokoki bakwai na jikin bango, sauran dabbobin suna yarda don ba su iya karatu ba, sai wani dattijo ya miƙe ya ce, "Malam, wato mu ne tumakin?" Tun ranar mutum huɗu ba su dawo ba. Abin ya tsaya min a rai. In ajiye littafin ne?

Malamar Hausa, Bauchi:
Wa alaikumus salam. Kada ka ajiye, amma inda ka nuna yatsa bai dace ba. Doki Akawal ya yi ta fama, bai wuce harafi huɗu ba, shi ba ya da laifi. Jaki Aura kuwa ya iya karatu sarai kamar aladun, ya yi gum shekara da shekaru. Bai buɗe baki ba sai ranar da aka zo ɗaukar Akawal, ya karanta a jikin keken cewa na mai yanka dawakai ne, lokacin bakin alƙalami ya bushe. Ni shi na fi zargi. A ajin nan kai ne mai karatu, Malam, ka fara da kanka.

Wani dattijo daga Kumo:
Ɗana, kafin komai ka je gidansa ka ba shi haƙuri. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Mai furfura da ya zauna gaban allo ya riga ya haɗiye kunya mai yawa.

Ɗan uwa daga Azare:
Abin da ya fi ba ni tsoro a labarin shi ne abin da ya faru da wata goɗiya. Ta tuna dokar ta hana kwana kan gado, da aka karanta mata an ƙara "da zanin gado", sai ta zargi ƙwaƙwalwarta. Haka aka yi wa mahaifina, Allah ya jiƙansa. Ya dangwala yatsa a takardar da aka ce ta jingina ce, ashe ta sayar da gona ce. Ka rubuta dokokin aji a allo, kowa ya kwafa a littafinsa. Bayan mako ka ƙara kalma ɗaya a ɓoye, ka bari su kama ka.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Gobe bayan la'asar zan je wurin Baba, in ya yarda shi zai faɗa mana dokar farko.