Masu rubuta manhaja na Zamfara, yaya kuka yi da aiki lokacin da aka rufe layi?

Daga Tudun Wada, Gusau

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani ƙanena ya samu aikin rubuta manhaja da wani kamfani a Legas, daga gida zai riƙa yi. Jiya da daddare ya tambaye ni, "Yaya, in sabis ya ɗauke kwana da kwanaki, me zan yi?" Sai tambayar ta mayar da ni Satumban 2021. Ranar 3 ga wata aka rufe layukan waya a faɗin Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, aka ce mako biyu ne. Mu na Gusau sai 1 ga Oktoba muka ga sabis, sauran ƙananan hukumomi kuwa sai ƙarshen Nuwamba. Don Allah duk wanda abin ya ritsa da shi yana kan aiki, ya ba mu labarin yadda ya yi, don yaran da ke tasowa su amfana.

Bari in fara da kaina. Aikin da ke hannuna saura kwana huɗu in miƙa shi. Na saka laftof a jakar buhu don kada ya ja ido, na hau mota zuwa Funtuwa ta Tsafe. A bakin wani shago na zauna, na ɗora laftof a cinya, na tura aikina GitHub, shafin intanet da muke ajiye kod, na rubuta wa ogana bayani a Slack, manhajar hirar ma'aikata. Mutanen Gusau sun cika wurin, kowa da waya a kunne. Ba a jima ba Katsina ma ta rufe layi a ƙananan hukumomi 13, har da Funtuwa, dole sai Zariya. Sau uku na yi wannan tafiya, kuma duk ranar da zan fita mahaifiyata ba ta iya cin abinci sai na dawo.

Daga Samaru, Gusau

Wa alaikumus salam Malam. Ni ko sau ɗaya ban fita ba. Babanmu ya ce ba zan hau hanyar nan ba saboda aikin kwamfuta, kuma ban ga laifinsa ba.

Git, manhajar da ke adana tarihin canje-canjen kod, shi ne ya rufa min asiri. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka Git da GitHub abu ɗaya ne, sai a lokacin na gane bambancin da kyau. Duk tarihin aikin yana cikin kwamfutarka. Kwamit (wato adana canjin da ka yi), buɗe reshe, komawa baya ka duba abin da ka canza, babu wanda ke buƙatar intanet. Turawa da jawowa ne kawai ke buƙata. To akwai umarnin git bundle, wanda ke dunƙule kwamit ɗinka cikin fayil guda. Yayana ɗan kasuwa ne, duk Alhamis yana zuwa Sakkwato. Sai in saka fayil ɗin a fulash, in naɗe a leda, in haɗa da takarda mai ɗauke da adireshin imel ɗin abokiyar aikina. Shi bai san komai a kan kod ba, shagon kwamfuta yake shiga ya ce a tura masa. Ita kuma ta dunƙulo nasu sabon aikin, a zuba masa a fulash ɗin ya dawo min da shi ranar Asabar.

Inda na sha wuya shi ne wurin haɗewa. Mako guda kowa na taɓa fayil iri ɗaya ba tare da sanin ɗan'uwansa ba, in ka zo haɗawa sai ka ga layuka sun yi karo ko'ina. Akwai daren da na kai ƙarfe biyu ina warware fayil guda da fitilar caji. Daga baya muka yi yarjejeniya: aka bar min shafukan rajista ni kaɗai, kowa ya ɗauke hannunsa daga wurin. Daga nan abin ya yi sauƙi.

Daga Tudun Wada, Gusau

'Yar'uwa, wallahi da na san wannan dabarar da ban yi tafiya ta biyu da ta uku ba. Allah ya saka wa yayan naki da alheri.

Daga Ƙauran Namoda

Ni dai aikina na rasa, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Wata biyar ke nan da fara aiki da wani ƙaramin kamfani. Kullum ƙarfe tara na safe akwai ɗan taron da kowa ke faɗin abin da ya yi jiya da wanda zai yi yau. Kwana shida ba su ji ɗuriyata ba, domin kuɗin mota ma sai da na nemo, POS ba ya aiki, tura kuɗi ta waya ya tsaya. Da na isa Zariya na buɗe laftof, sai imel ɗin aiki ya nemi lambar shiga, wadda ake turowa ta saƙon tes. Layin da na yi rajista da shi kuwa yana cikin ƙaramar wayar da na bar wa matata a gida. Ga intanet a gabana, ga ni a kulle a waje.

Da ƙyar na samu ogan ta wayar wani. Na yi masa bayani, ya ce shi bai taɓa jin an rufe layin jiha guda sukutum ba. Na ce ya duba jaridu. Ya duba, ya yarda, amma ya ce aiki ba zai jira ni ba. Abin da ya fi min ciwo, ko a cikin abokan aikin babu wanda ya tambaye ni ko iyalina suna lafiya.

Ka faɗa wa ƙanenka tun yau ya cire lambar shiga daga saƙon tes, ya koma manhaja irin Google Authenticator. Ita da agogon waya take lissafin lambar, ko babu sabis tana bayarwa. Lambobin ko-ta-kwana da GitHub ke bayarwa kuma ya rubuta su a takarda ya adana.

Daga Samaru, Gusau

Innalillahi. Allah ya musanya maka da mafi alheri, Malam. Ka samu wani aikin kuwa?

Daga Ƙauran Namoda

Amin, na gode. Na samu, bayan wata bakwai. Ranar ganawar farko na gaya musu inda nake zaune da irin abin da kan iya faruwa, suka ce sun ji sun gani.

Daga Talatar Mafara

Ni npm, manhajar da ke sauko da kayan haɗin JavaScript daga intanet, shi ne ya tsayar da ni. Kwana biyu kafin rufewar na goge node_modules, folda da kayan ke ciki, don in samu wuri a laftof, da niyyar in sake saukewa. Aikin ya ƙi tashi sam. Sai da na je wurin wani abokina da muke aiki ɗaya na kwafo nasa a fulash. Yanzu ina da Zeal a kwamfuta, bayanan Python da JavaScript duk suna ciki ba sai da intanet ba. Kada kuma a manta da wuta. A lokacin an hana sayar da fetur a jarka, mai janareta ya rasa yadda zai yi. Wurin wani maƙwabcinmu mai sola nake kai laftof da hantsi in karɓo da la'asar.

Daga Birnin Kebbi

Mu nan layinmu bai tsaya ba, amma abin ya taɓa mu. Ni ke jagorantar 'yan ƙungiyarmu, mu biyar, biyu 'yan Gusau ne. Ɗaya ya taho ta Sakkwato ya zauna a ɗakin baƙinmu kusan mako uku, tabarma ɗaya muke shimfiɗawa mu yi aiki. Ɗayan yana jinyar mahaifinsa, ba halin tafiya. Na raba aikinsa tsakaninmu, albashinsa bai tsaya ba. Sai dai na gano wani kuskure nawa a lokacin: mabuɗin sabarmu yana kwamfutarsa shi kaɗai. Manhajar wani abokin cinikinmu ta tsaya ranar Juma'a, muna ji muna gani ba mu iya shiga mu gyara ba sai Litinin, bayan an aika mutum takanas har Gusau. Tun daga ranar, duk abin da aiki ya dogara da shi, mutum biyu ne ke riƙe da shi, kuma ba a gari ɗaya ba.

Wasu za su ce yanzu akwai Starlink, intanet ta tauraron ɗan'adam, tun 2023, magana ta ƙare. Yana taimakawa ƙwarai, amma yaro mai fara aiki ina ya ga kuɗin kayan da na wata-wata? Ko mu sai da muka haɗa kuɗi mu huɗu.

Daga Tudun Wada, Gusau

Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah ya bar zumunci. Ƙanen nawa yana gefena yana karantawa, har ya ɗauko biro yana kwafe lambobin ko-ta-kwana a bayan littafinsa. 'Yar'uwa ta Samaru, yana roƙon ki rubuto masa yadda ake buɗe fayil ɗin a ɗaya ɓangaren, yana so ya gwada yau da dare tsakanin laftof ɗinsa da nawa.