Jiki da Jini: Musayar Waƙa Kan Yadda Ma'aikaci Ke Faɗin Ciwonsa

Tsohon Masaƙi, Kakuri:
Salamu alaikum. Shekaranjiya wani yaro maƙwabcina mai aikin walda ya ce wa maigidansa "ba na jin daɗi". Maigidan ya ɗauka lalaci ne, ya yanke masa kuɗin yini. Kafin magariba an kwantar da yaron a asibiti, taifot. Abin ya tsaya mini a rai. Amsa-amonmu "ya" ne, kowa ya kawo waƙa kan yadda ake faɗin ciwo a garinsu.

Da sunan Ta'ala nake farawa,
Mai saukar da cuta, Mai warkarwa,
Kaduna ta tara dukkan Hausawa,
Kowa da salon faɗin rashin lafiya.

A 1957 Kakuri ta fara saƙa,
Mun shiga daga baya da suma baƙa,
Ƙurar auduga ita muke shaƙa,
Tari ya zame mana abokin tafiya.

Ka zo gaban heluma da sassafe,
Ƙirji kamar an ɗaure da ƙarfe,
Ka ce "jiki da jini" kana tafe,
Ya gane nufinka, ba ya jayayya.

Bakanon Tudun Wada:
Baba, Allah ya ba yaron lafiya. Ga tawa.

Mu a Kano ba ma kiran sunan cuta,
Sai "Yallaɓai, yau ina so in huta,
Jikin ne ba daɗi", ko ta ƙazanta,
Mu ƙara da "da sauƙi" don godiya.

"Da sauƙin" nan ba ya nufin an warke,
Mutum kan faɗe shi numfashi na sarƙe,
Daren jiya kaf ya yi shi a farke,
Tawakkali ne, kar a ce masa ƙarya.

Basakkwacen Kawo:

Mu can Sakkwato kai tsaye mu ka cewa:
"Ranka shi daɗe, yau ba ni zakkuwa,
Masassara ta kama ni, ba ni tasowa",
Wanga shi na batun rashin lahiya.

Ku ce zazzaɓi, mu ce masassara,
Sauro guda na, da damana shi ka ƙara,
Bai tambayar garinku in ya hwara,
Kwanciya guda ta, allura ɗaya.

Malama Bazazzagiya, Unguwar Rimi:
Kun faɗi naku, amma kun tsallake rabin ma'aikata.

Maza kun yi naku, saura mata,
Akwai ciwon da ke zuwa duk wata,
Gaban shugaba namiji wa zai furta?
Sai "jiki ya motsa", sauran kunya.

Mai ƙaramin ciki tana laulayi,
Ba ta iya riƙe ko kofin shayi,
Za ta ce "zazzaɓi ne", a ji tausayi,
Cikin fari ba a shelarsa a duniya.

Ta zo aji da alli a hannu,
Tana dafa bango, tana bi sannu,
Wanda ya gani ya ce mata sannu,
Kar ya tsare ta da dogon tambaya.

Sai kai, Bakano:

A Zazzau "ƙafana yana ciwo" ake cewa,
Ka ce mana "tana", kana gyarawa,
Taubashi, ƙafar ce ke kumburawa,
Duba ta tukun, gyara ya biyo baya.

Bakanon Tudun Wada:

Malama, na karɓa, kin yi gaskiya.

Tsohon Akawu, Malali:
Bari in sa baki da abin da na sani. Dokar Ƙwadago ta 1974, sashe na 16, ta ba ma'aikaci har kwana 12 na aiki a shekara da albashinsa in ciwo ya kwantar da shi, muddin likita mai rajista ya ba da shaida. Na ga da yawa sun yi asarar haƙƙinsu don ba su karɓo ta ba.

A ofis fayil bai san kara ba,
Bai san "da sauƙi" ko "jiki da jini" ba,
In ba ka kai abin da zai riƙe ba,
Takardar tuhuma ce za ta biyo baya.

Ka yi wa shugaba waya da farar safiya,
Ka je asibiti, ka bar jan ƙafa da nawa,
Takardar likita ita ce garkuwa,
A maƙala ta, albashi ya zo gaba ɗaya.

Leburan Gini, Rigasa:
Alhaji, Allah ya saka da alheri. Mu dai ba mu da fayil.

Mu masu kwaɓa siminti da yashi,
Kuɗin yini ne, babu albashi,
Ka kwanta, an kira wani an ba shi,
Sai ka haɗiyi ƙwaya ka kama hanya.

Hausarmu ta bariki ba ta da tsawo:
"Oga, yau ba ƙarfi", shi ne ciwo,
Wani ɗan Kafanchan, wani daga Kawo,
Duk haka muke faɗi, baki ɗaya.

In ka ji lebura ya ce ba ƙarfi,
Wallahi abin ya riga ya yi zurfi,
Yara na gida, tukunya da murfi,
Ba ya barin aiki don 'yar gajiya.

Tsohon Masaƙi, Kakuri:
Ɗana na Rigasa, baitinka na ƙarshe shi na karanta wa maigidan yaron ɗazu a bakin shagonsa. Ya yi shiru, sannan ya mayar da kuɗin yinin, ya ƙara da na magani. Gobe da safe zan kai wa yaron kunu.

Katsinawa, ba mu ji ku ba tukuna,
Mutanen Bauchi, ku zo ku zauna,
Na Damagaram da ke cikin Kaduna,
Ku kawo taku, muna nan a shirye, 'ya'ya.