Tambaya kan kayan da suka dace da kwamfutar da za a ɗora wa macOS

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaida malamaina da yayyena na wannan zaure. Sana'ata rubuta manhajojin waya da Flutter, wato kayan aikin da ake rubuta manhajar Android da ta iPhone da shi, kuma duk ayyukan da na yi zuwa yanzu na Android ne. To, wata makaranta da na yi wa manhajar duba sakamakon ɗalibai ta nemi a fitar mata da ita a kan iPhone, saboda wasu daga cikin iyayen yaran ita suke riƙewa. Hakan ba ya yiwuwa sai da Xcode, manhajar Apple ta gina manhajojin iPhone, shi kuwa Xcode ba ya hawa ko'ina sai kan macOS, babbar manhajar kwamfutocin Mac. Abin da ke hannuna bai kai kuɗin sabuwar Mac ba, don haka na ƙudurta haɗa kwamfutar tebur da kaina in ɗora mata macOS, wato abin da ake kira Hackintosh.

Wani mai shago ya haɗa mini lissafin kaya: furosesa i5-12400F a kan madabod B660, katin hoto RTX 3060, RAM mai 16GB, sai SSD ƙirar Samsung PM981 da aka ciro daga wata laftof. Ya ce kayan sun fi ƙarfin aikin, ni kuma ban musa masa ba, amma ban biya ba tukuna domin dacewarsu ce ke damuna. Shin macOS za ta karɓe su? In ba za ta karɓa ba, wanne zan sauya, kuma da me? Yawancin aikina a kan inbata nake yinsa, ɗakin kuma ba shi da na'urar sanyaya iska. Allah ya saka da alheri.

Injiniyan Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, ka yi daidai da ka dakata. Kayan nan za su yi aiki sosai a kan Windows, amma a kan macOS ko hoton kirki ba za ka samu ba. Dalili shi ne, a Windows kowane kamfani yana rubuta wa kayansa direba, yayin da Apple ba ya sanya wa macOS direba sai na kayan da shi da kansa ya taɓa sakawa cikin kwamfutocinsa. Saboda haka duk abin da za ka saya, ka fara tambayar kanka ko Apple ya taɓa sayar da Mac mai ɗauke da shi ko da ɗan'uwansa na kusa. Lamba ake bi, kamar mai neman sifiya ta mota, sabuntar kaya da tsadarsa ba su da amfani a nan.

Katin hoto ne babbar matsalar lissafinka. Direbobin da Nvidia, mai katunan RTX, ke fitar wa macOS sun tsaya a macOS High Sierra ta 2017. Daga Mojave ta 2018 ba a sake samunsu ba, kuma babu wani katin RTX da ya taɓa aiki a macOS. Wani yana iya cewa a kashe katin a koma kan hoton da ke cikin furosesa, to a nan ma hanya a toshe take, domin harafin F da ke ƙarshen 12400F yana nufin babu sashen hoto a cikinta sam. Ko da za ka sayi marar F ɗin, macOS ba ta san sashen hoton Intel na zubi na 11 zuwa sama ba, taka kuwa ta zubi na 12 ce. Zubi na ƙarshe da Apple ya saka a iMac shi ne na 10, a mai inci 27 ta watan Agustan 2020, sannan a Nuwamban shekarar ya fito da tasa furosesar, M1.

Shawarata ita ce i5-10400, marar F, a kan madabod B460. Tana da cibiya 6, an ƙayyade ta a wat 65, kuma sashen hotonta UHD 630 sananne ne ga macOS. Mai aikin Xcode ba ya buƙatar katin hoto na daban. Kuɗin da za ka kashe a kansa gara ka mai da RAM ɗin 32GB, domin in ka buɗe Xcode da wayar gwaji da ke cikinsa da Android Studio a lokaci guda, 16GB kan yi kaɗan. Ka guji madabod H510 da B560: furosesar za ta zauna a kansu, amma fitar da hoto daga UHD 630 a kan waɗannan allunan yana ba mutane wahala ƙwarai. Ka kuma leƙa bayan madabod ɗin da bayan allon kallonka. Yawancin allunan kallo na hannu da ke yawo a garin nan masu shuɗin bakin VGA ne, macOS kuwa ba ta tafiya da VGA yadda ya kamata. HDMI ko DisplayPort za ka nema.

PM981 ma ka mayar wa mai shagon. Ita da PM991 da Micron 2200S sun shahara wajen kashe macOS tsakiyar aiki, wani lokaci tun ana cikin ɗora ta. WD SN770 ko SN750 sun fi kwanciyar hankali, SSD ta SATA ma tana yi. Sai bakin wayar intanet: in Intel I219-V ne ko Realtek RTL8111, akwai direbobinsu da suka daɗe suna aiki, I225-V ya fi rikici. Game da furosesar AMD Ryzen, macOS tana hawa kanta, amma sai an yi wa zuciyar manhajar faci, kuma irin su Docker ba sa tashi a kanta, don haka ban ga dalilin da mai rubuta manhaja zai nufi can ba.

Abu guda da nake roƙonka: kada ka karɓi macOS da wani ya riga ya gyaggyara ya zuba a filas, kada kuma ka kwafi jakar EFI ta wani, wato jakar fayilolin da ke tayar da macOS, ka liƙa. Ka zauna ka gina taka da OpenCore, manhajar da ke tayar da macOS a kan kwamfutar da ba ta Apple ba, bisa jagorar Dortania da ke intanet, ka saka direbobin Lilu da VirtualSMC da WhateverGreen da AppleALC da hannunka, ka fitar da lambar siriyal taka ta kanka. A kan wannan kwamfutar za ka shigar da asusunka na Apple wanda kake biya wa dala 99 a shekara, da makullan sa hannu na manhajar mutane. Bai kamata a aza irin wannan amana a kan abin da ba a san me aka cusa cikinsa ba.

Malamar Arkilla:

Sannunku da ƙoƙari. Injiniya ya gama da kayan ciki, ni kuma zan taɓa wuta da zafi, tun da ɗan'uwanmu ya ambace su.

Rashin katin hoto riba ce babba ga mai inbata. RX 580, wanda shi ne aka fi samu cikin katunan da macOS ke karɓa, shi kaɗai yana iya jan wat 185, wato kusan ninki uku na abin da aka ƙayyade wa furosesar. Wajen sayen fawa fak, wato akwatin da ke raba wa kayan kwamfuta wuta, ka karanta takardar da ke manne a gefensa: in an rubuta 100 zuwa 240V, zai jure lokacin da wuta ta zo da rauni, wanda aka rubuta wa 230V kawai kuwa yana iya kashe kansa. Mai wat 450 na kamfanin kirki ya ishe ka, kuma ya fi mai 700 marar suna da ake bayarwa kyauta tare da akwati. Ka kuma binciki inbatarka, ko tana fitar da wuta mai santsi irin ta layi. Masu arha da ke fitar da wuta mai kusurwa sukan sa fawa fak na zamani ya riƙa ƙugi ko ya ɗauke.

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato kan haura digiri 40, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano kuwa ya fi waje. 'Yar fankar da Intel ke haɗowa cikin kwali za ta yi ta ihu, kuma in furosesa ta kusa digiri 100 da kanta take rage gudu, sai ka ga aikin da ya saba ƙarewa da wuri yana jan ƙafa. Ka sayi mai sanyaya ta tsaye mai bututun jan ƙarfe, ka sa sabon man furosesa. Da hunturu kuma ƙura ce abin tsoro. Na buɗe akwatin da ya kwana a ƙasa tun daga Disamba har Fabrairu, na tarar ƙura ta dunƙule tsakanin haƙoran ƙarfen sanyayawa har iska ba ta ratsawa. Ka ɗora akwatin bisa tebur, ka nemi mai raga a gaba, ka riƙa hure shi da bulowa.

Sai intanet. Ƙananan Wi-Fi na USB da ake sayarwa ko'ina ba za su taimake ka ba a lokacin ɗora macOS, alhali a lokacin ne za ta sauko da abin da ya haura gigabait 10 daga wurin Apple. Ka tanadi rauta mai bakin waya ka jona kai tsaye. Katunan Broadcom irin su Fenvi T919, da a da ake saka su su kama aiki nan take, Apple ya cire direbansu daga Sonoma ta 2023, don haka kada wani ya sayar maka da shi da tsada bisa tsohon labari.

Dattijon Gawon Nama:

Assalamu alaikum. Duk abin da Injiniya da Malama suka faɗa gaskiya ne, amma ɗana, ina so ka dubi abu biyu kafin ka fitar da kuɗinka.

Yarjejeniyar da kowa ke amincewa da ita wajen ɗora macOS ta ce ba a ɗora ta sai a kan kwamfutar Apple. A 2008 Apple ya kai ƙarar kamfanin Psystar a Amurka saboda sayar da irin waɗannan kwamfutoci, ya kuma yi nasara a 2009. Wanda ke koyo a ɗakinsa da wanda zai karɓi kuɗin makaranta ya sa hannu a manhajarta ba matsayinsu ɗaya ba. Sharaɗi ne ka amince da shi, kuma ya dace ka auna wannan da kanka, ka sanar da masu aikin abin da kake ciki.

Na biyun ya shafi aljihunka kai tsaye. A watan Yunin 2025 Apple ya bayyana cewa macOS Tahoe ce ta ƙarshe da za ta hau Intel. Kai kuma abin da ya kawo ka Xcode ne, Apple kuwa yakan ɗaga mafi ƙarancin Xcode da yake karɓar manhaja da shi kusan kowane Afrilu. A Afrilun 2025 ya wajabta Xcode 16. Kowane sabon Xcode yana neman sabuwar macOS, misali Xcode 26 ba ya hawa ƙasa da Sequoia 15.6. Ranar da aka wajabta Xcode ɗin da Tahoe ba ta ɗauka, kwamfutarka za ta ci gaba da kunnuwa lafiya lau, amma ba za ta iya tura ko gyaran harafi ɗaya zuwa App Store ba.

Don haka ka tambayi farashin Mac mini M1 ta hannu, a Kano ko a Ikeja, ka kwatanta da jimillar madabod, furosesa, RAM, SSD, fawa fak, akwati da mai sanyaya. Apple ya ce iyakar wutar da take ja wat 39 ne, abin da inbatarka za ta ɗauka har dare ya raba. In ka samu mai 16GB, ita za ka ɗauka, domin ba a ƙara mata RAM daga baya. In kuma aikin wannan makaranta kaɗai ne a gabanka, Codemagic da GitHub Actions suna gina manhajar Flutter ta iPhone a kan kwamfutocin Mac nasu ta intanet.

Ɗan Mabera:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na janye daga lissafin farko. Baba, na ji maganarka, kuma na aika a tambayo mini farashin Mac mini. Sai dai kwamfutar teburin ma ina buƙatarta don aikin Android, tun da laftof ɗina ta gaji. An samo mini i5-10400 da B460 a Kano, mai kayan kuma ya ce zai haɗa mini da RX 580 na hannu a farashi mai sauƙi. Yaya Injiniya, in karɓa?

Injiniyan Runjin Sambo:

In don aikin Android kake buƙatarta, to ka saye ta a matsayin kwamfutar Windows ko Linux wadda macOS za ta iya zama a kanta na ɗan lokaci, ka ware wa kowace babbar manhaja SSD tata. Sequoia za ka ɗora, domin a Tahoe Apple ya cire direban sauti da AppleALC ke dogaro da shi.

Katin kuwa ba ka buƙatarsa, kuma ka ji abin da Malama ta ce game da wuta. In har ka nace, kada a biya sai an saka shi a kwamfutar Windows an buɗe GPU-Z, manhajar da ke nuna bayanan katin hoto, a gaban wanda ka aika. RX 580 na ainihi yana nuna 2304 a gurbin ƙwayoyin aikinsa, lambar na'urarsa kuma 67DF. In aka ga 2048 da 6FDF, wannan shi ne 2048SP da aka yi wa kasuwar Sin, kuma macOS ba ta gane shi sai an sauya masa BIOS, wato ƙaramar manhajar da ke cikin katin. Da yawa cikin waɗannan katunan sun fito ne daga hannun masu haƙar kuɗin intanet na Ethereum bayan da aka daina haƙarsa da katin hoto a Satumban 2022, sun yi shekaru suna aiki dare da rana, wasu kuma an taɓa BIOS ɗinsu. A bar shi ya yi aiki mai nauyi na rabin awa ana kallon zafinsa da juyawar fankokinsa, a gwada kowane bakin HDMI da DisplayPort, sannan a rubuta a rasit cewa za a iya mayarwa in bai yi ba. In akwai zaɓi, Sapphire ya fi XFX sauƙin sha'ani a macOS.