Fayiloli sun ƙi wucewa daga Ubuntu zuwa Windows

Abban Hanifa: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da shagon buga takardu da hotunan biki. Kwamfutar da nake aiki a kai Ubuntu ce, ta yarana kuma Windows 10, duk suna kan rauta ɗaya, wato na'urar da ke raba Wi-Fi. Na buɗe folda a ta Windows ɗin, ina tura ayyukan kwastomomi can don a buga. Yawanci suna shiga lafiya, amma wasu da zarar an zo kansu sai ta tsaya ta rubuto "Invalid argument". Ba girma ba ne, don har ƙaramin katin gayyata ya ƙi. Amarya na jiran katinta, a taimaka don Allah.

Sadiq_Zariya: Wa alaikumus salam. Yallaɓai ko akwai ƙ da ɗ a sunayen? Gwada cire su ka gani.

Hajiya Mai Kwamfuta: Sadiq, ka bar haruffanmu, ba ruwansu. Windows da Linux (Ubuntu nau'in Linux ce) duk suna karanta su. Abban Hanifa, rubuto mana sunan fayil ɗaya da ya ƙi, daidai yadda yake.

Abban Hanifa: Ga shi, Hajiya: Ɗaurin aure 11:00 na safe.pdf

Hajiya Mai Kwamfuta: To ga matsalar nan, ɗigo biyun da ke tsakanin 11 da 00. Linux ba ta hana komai a suna sai / kawai, ita kuwa Windows ba ta karɓar waɗannan: \ / : * ? " < > |. Mayar da shi 11-00, zai wuce. Don ka gano sauran a lokaci ɗaya, buɗe tamina (Terminal, tagar da ake rubuta umarni) a cikin foldar a Ubuntu ka buga:

find . -name '*[:?*]*'

Sannan ka kula da wani abu da ya fi wannan haɗari, don shi asara yake jawowa. A Ubuntu, Kati.jpg da kati.jpg fayil biyu ne daban, a wurin Windows kuwa suna ɗaya ne. In ta tambaye ka ko a maye gurbi, kada ka danna da sauri, aikin wani kwastoman za ka shafe.

Abban Hanifa: Ya wuce, har an fara bugawa! Allah ya saka da alheri. Na samu wasu da alamar tambaya, yanzu nake gyara su.

Sadiq_Zariya: Hajiya, in bidiyo ya kai rabi ya yanke fa? Ni tawa matsalar ke nan.

Hajiya Mai Kwamfuta: Wannan galibi Wi-Fi ne, ko kwamfutar ta yi barci ana tsakiyar aiki. Haɗa kwamfutocin da rauta ta kebul, ka kashe barcin, ka sake gwadawa.