Neman shawara: bak-aksil ɗin MGB ɗin Baba yana kuka

Ɗan Aboabo:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masu sanin mota ku taimaka mini, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Motar marigayi mahaifina ce, MGB, motar Ingila, ƙirar 1972, ja, mai kujera biyu. Ya saye ta a 1973 hannun wani Bature da ya gama aiki a Obuasi zai koma Ingila, da kuɗin goro ya saya. Sitiyarinta a dama yake, domin lokacin Ghana ba ta koma tuƙin hannun dama ba, sai a 1974. Ina yaro yakan ɗora ni a gefensa ranar Juma'a, ya sauke rufin, hularsa a kan cinyata kada iska ta ɗauke. Bayan rasuwarsa ta yi shekara goma sha ɗaya a tsakar gida an lulluɓe ta da tamfol. 'Yan'uwa suka ce a sayar a raba, na biya kowa rabonsa na riƙe ta. Shekara biyu ina zuba kuɗi: inji, birki, waya, fenti, kujeru. Yanzu ta tashi, amma wani kuka na fitowa ta baya, siriri, kamar shewa. Saura mako uku bikin 'yata, kuma na yi mata alkawarin da motar kakanta za a kai ta. Me zan yi?

Masta na Magazin:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ba sai na ga motar ba. Shekara talatin da huɗu ina kwance bak-aksil, wato aksil ɗin tayoyin baya, a Magazin na Suame, unguwar makanikai ta Kumasi. Kirawun da finiyan, giyoyi biyu masu haƙora da ke cikin aksil, sun cinye, magana ta ƙare. Motar da ta yi shekara goma sha ɗaya a zaune, haƙoran da suke sama ba sa cikin mai, tsatsa ta ci su. Ka zo a sa maka aksil ɗin wata motar Japan, ka huta.

Malamin Asawase:
Masta, a yi haƙuri tukuna. Alhaji, ka ba mu labarin Baba, Allah ya jiƙansa, amma ba ka faɗi abin da ake buƙata ba. Yaushe kukan yake zuwa? In ka taka totur, ko in ka ɗaga ƙafa? A wane gudu? In ka sa giya firi tana gangarawa, yana nan? In ka canja giya a gudu ɗaya, muryar na canjawa?

Ɗan Aboabo:
Malam, amin, na gode. Jiya na bi hanyar Ejisu. Yana farawa wajen mil 40, domin mitarta da mil take ƙirga, ya yi ƙarfi a 50. In na taka totur yana raguwa, in na ɗaga ƙafa sai ya tashi sosai. Canja giya ba ya canja shi. Masta, aksil ɗin Japan kuma a'a. Duk abin da ke jikinta nata ne na asali, ba zan sa mata baƙon abu ba.

Masta na Magazin:
To Alhaji ai ka ji. Na asali ne ya sa take kuka. Shekara hamsin ƙarfe na cin ƙarfe.

Mai Peugeot:
Ni dai gargaɗi zan yi. Kada ka bar motar ta kwana a garejin kowa. 504 ɗita na kai don kuka irin wannan, aka riƙe ta wata biyu, da na karɓo sai na tarar an cire mini kafireto mai kyau an sa wani. Kukan kuma yana nan. Da na yi magana yaron ya rantse da Alƙur'ani, ubangidansa ya ce ni ne ban san motata ba. Har yau in na wuce ta layin nan raina ɓaci yake. Ƙarshe ashe boris ɗin tayar baya ne. Naka ma shi ne, ka canja.

Malamin Asawase:
Boris ɗin taya yana da gwaji mai sauƙi. A hanya marar mutane, ka karkata sitiyari hagu da dama a hankali a gudun da kukan ke fitowa. In ƙarar na ƙaruwa a gefe ɗaya tana raguwa a ɗayan, taya ce. Kuma shi gurnani yake yi, bai damu da totur ba. Naka kuwa totur yake bi. Kukan da ke tashi in an ɗaga ƙafa, yawanci boris ɗin finiyan ne ya saki, finiyan yana matsawa daga inda ya kamata ya haɗu da kirawun. Shi ya sa zan tambaya: akwai wanda ya taɓa babban notin gaban aksil, inda farfela, sandar da ke kawo juyi daga giyabos, take ɗaurewa?

Ɗan Aboabo:
Wata ɗaya da ya wuce mai na ɗiga daga wurin, fitana, wato makanikena, ya canja sil, robar da ke tare mai. Ban ga abin faɗa ba ne, ƙaramin aiki ne. Ina tsaye ya yi, ya ɗaure notin tamau da dogon bututu a kan sifana.

Malamin Asawase:
Alhaji, ai nan maganar take. MGB ta wannan shekarar irin aksil ɗin da ake kira Salisbury gare ta. Tsakanin boris biyun finiyan akwai wani zobe da ke lanƙwashewa in an ɗaure noti, shi ke tsayar da matsin boris. Ƙa'ida ita ce a yi wa notin alama kafin a kwance, a ƙirga zagayen, a mayar da shi daidai inda yake. In an wuce, zoben ya murƙushe, ba ya dawowa, boris ya matse ya yi zafi ya cinye. Kafin a canja sil, tana kukan?

Ɗan Aboabo:
Ban tuƙa ta da gudu ba kafin nan, ba zan iya cewa ba. Amma Malam, yaron nan mahaifinsa ne ya riƙe wa Baba motar tun farko. A hannunsu ta girma. Bai karɓi ko sidi ɗaya a aikin sil ɗin ba. Ba zan je in ce masa ya ɓata mini mota ba.

Masta na Magazin:
Malam karatun littafi yake yi. Zobe, alama, ƙirga zagaye. Mu da hannu muke jin noti. Yaron bai yi laifi ba, haƙora ne. In ba ka son aksil ɗin Japan, zuba man giya mai kauri, 140, zai rufe bakinta har a gama biki.

Direban Tamale:
Man giya mai kauri ya kusa kashe ni a hanya. Na zuba, kuka ya yi shiru, na ɗauki doya, bayan Kintampo aksil ya kama da dare, taya ta ja a kwalta. Mai motar ya cire kuɗin gyaran daga albashina wata huɗu, bai ko tambayi lafiyata ba. Kuma amarya za ka ɗauka, Alhaji.

Hajiya ta Nima:
Yaya, ni ba ruwana da ƙarfe. Amma kujera biyu ce, ina ƙawayen amarya da gwaggonninta za su zauna? Ka yi hayar mota, a ɗauki hoto da ta Baba a ƙofar gida. Mijina ma haka ya ƙarar da kuɗin makarantar yara a kan tsohuwar Benz, yau kaji ke kwana a ciki.

Ɗan Aboabo:
Hajiya, ba kuɗin makarantar kowa na taɓa ba. Alkawari na yi wa yarinya, kuma daga Aboabo zuwa Asawase ne kawai, ba za mu kai mil 40 ba.

Malamin Asawase:
To ko ba ka zargi kowa ba, ka yi abu uku da kanka. Ka yi tafiyar minti ashirin, ka kai hannu kusa da hancin aksil, in zafin ya fi ƙarfin taɓawa, boris ya matse. Ka tsiyaye man a farin kwano ka duba a rana: ƙyalli kamar garin azurfa boris ne, gutsattsari kuwa haƙora ne. Man da aksil ɗin ke ci bai kai lita ɗaya ba, man giya EP90 ake zuba mata har bakin ramin cikawa. Sannan a ɗaga ta, ka kama inda farfela ta ɗaure ka girgiza sama da ƙasa, bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. In an buɗe murfin baya a shafa wa haƙoran shuɗin alama a juya, za a ga inda suke haɗuwa. In haƙoran lafiya, boris biyu da sabon zobe da sil ne aikin. In sun tafi, kirawun da finiyan tare ake canja su, mai haƙori 43 da mai 11, ba a aura wa ɗaya na wata mota.

Masta na Magazin:
Sabon zoben a ina zai samo? Ya zagaye Magazin, ya tafi Abossey Okai, kasuwar kayan mota ta Accra, in ya samu in daina aiki. Sai an yi oda daga Ingila, kuma mako uku ba zai isa ba. Alhaji ka kawo ta ranar Litinin.

Ɗan Aboabo:
Na tsiyaye man da safen nan. Akwai ƙyalli kaɗan, amma fitana ya ce tsohon datti ne tun na zamanin Baba, ya zuba sabo ya ƙara ɗaure notin kaɗan. Kamar kukan ya ragu, ko kuma kunnena ne. Akwai wanda ɗan'uwansa zai taso daga Landan kafin ƙarshen wata?

Mai Peugeot:
Ka duba boris ɗin tayar da na ce?